Fita ta huɗu: fatsar ƙuda a Loch Leven, da koren da muka tarar a gaɓa

'Yan uwa masu koyo, ga labarin fitarmu ta Asabar, musamman don waɗanda aiki ya riƙe. Mu biyar ne, sai dattijon nan ɗan Sikotland da ke koya mana, muka zama shida. Mun bar Edinbara da sassafe, muka isa garin Kinros da ke bakin tafkin Loch Leven kafin hantsi, muka karɓi kwale-kwale biyu, uku-uku.

Bari in fara da jifa, tunda nan ne na fi shan wahala tun watan Mayu. Mu da muka tashi da fatsar gida mun saba da ƙugiya da tana da ɗan nauyi a ƙarshen zare, nauyin ne ke jan zaren ya tafi. A wannan fatsa kuwa ƙudan ba shi da nauyi ko kaɗan, gashin tsuntsu ne da zare aka naɗe a jikin ƙugiya don ya yi kama da ƙwaro. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, ƙudan bin ta kawai yake yi. Kuskurena kullum gaggawa: ina maida sandar gaba tun igiyar ba ta gama miƙewa a bayana ba, sai ka ji ta yi ƙara kamar bulala, siririn zaren gaba ya ƙulle. Dattijon ya riƙe min gwiwar hannu ya ce in tsayar da sandar daidai kunnena, in jira har sai na ji igiyar ta ɗan ja ni ta baya. Wannan ɗan jan shi ne abin da na kasa ji wata uku. Ranar Asabar na ji shi. A fita ta uku sau tara na zauna kwance ƙulli, wannan karon sau biyu.

Salon tafki ya bambanta da abin da muka gwada a kan ciyawa. Ana juya kwale-kwalen ya ba iska gefe, a saki wani buhun yadi a ruwa ta baya don ya rage gudu, iska ta riƙa tura ku a hankali. Ƙuda uku ake ɗaurawa a zare ɗaya, da tazarar kamar kamu uku tsakaninsu. Ba a son jifa mai nisa. Ka jefa gabanka kaɗan, ka janyo da saurin da ya ɗan fi na jirgin, sannan ka ɗaga sanda har ƙudan sama ya riƙa rawa a kan igiyar ruwa. Kada ku yi saurin cire shi. A daidai nan, kusa da tsibirin St Serf, kifi ya taso min, na ga bakinsa fari ya buɗe ya rufe ƙasa da taku uku daga jirgi. Ƙudan da ake kira Kate McLaren ya ɗauka. Tirawut ne mai ruwan ƙasa, gefensa kamar azurfa da ɗigo-ɗigo baƙi, tsawonsa daga yatsata zuwa gwiwar hannu. Na jiƙa hannuna, na zare ƙugiyar yana cikin koma, ya kaɗa wutsiya ya nutse. Shi ne na farko da na kama da ƙuda, kuma shi kaɗai na samu ranar. Yaya, wanda muka zauna jirgi ɗaya, ya kama biyu.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba kifin ba ne. Da azahar muka matsa wani lungu da iska ta yini tana turo ruwa cikinsa, don mu ci abinci mu yi salla. Ruwan wurin kore ne shar, kamar an zuba fenti. Yaya ya naɗe hannun riga zai yi alwala, yana cewa ai gansakuka ce irin ta kududdufin gida. Dattijon ya dakatar da shi, ya ɗauki filafili ya tsoma ya ɗago. Ya ce mu duba: da gansakuka ce ta yau da kullum, da ta taso zare-zare tana reto. Wannan kuwa ba ta taso ba, shafe itacen kawai ta yi, ƙanana-ƙananan ɗigo kamar garin kuka a ruwa. Ƙwayoyin halitta ne da masana ke kira sayanobakteriya, wasu irinsu suna fitar da guba mai sa ƙaiƙayin fata da amai da gudawa, tana kuma kashe karnuka idan suka sha. Ido ba ya bambance mai guba da marar guba, don haka duk ɗaya ake ɗaukar su. Na ce, "Yaya, ga ruwan gora, mu raba." Da shi muka yi alwala.

A hanyar komawa dattijon ya ba mu tarihin abin, na kuma bi na karanta da daddare. Loch Leven tafki ne mai faɗi, kimanin murabba'in kilomita 13, amma ba shi da zurfi, matsakaicin zurfinsa bai cika mita 4 ba. Gonaki ne suka kewaye shi. Shekara da shekaru sinadarin fosfaras yana gangarowa ciki daga takin gona, da ruwan bahaya na garuruwan gefe, da wata masaƙar ulu. Fosfaras taki ne, abin da yake yi wa gero a gona shi yake yi wa wannan kore a ruwa. A watan Yunin 1992 koren ya rufe tafkin har mutanen yankin suka sa wa ranar suna Scum Saturday, wato Asabar ɗin kumfar ƙazanta, masu fatsa da 'yan yawon buɗe ido suka ƙaurace, garin ya yi asara mai yawa. An yi aiki sosai: aka gyara matatun ruwan bahaya, masaƙar ta daina zuba sinadarin, manoma suka bar ciyawa a bakin rafuka don ta tare zaizaya. Fosfaras ɗin da ke shiga ya sauko daga kusan tan 20 a shekara a 1985 zuwa kusan tan 8 a 1995.

To me ya sa har yau muke ganin kore? Nan ne na fi jin abin. Wanda ya riga ya shiga bai tafi ko'ina ba, yana kwance cikin laka a ƙasan tafkin. Idan ruwa ya ɗumama a watannin zafi, sai lakar ta riƙa sakin sa. An toshe ƙofa, amma abin da ke cikin ɗaki yana nan. Ga shi lokacin zafi yana ƙara ɗumi, ruwan sama mai ƙarfi kuma yana wanko ƙasar gona. Tun 1968 masana ke auna ruwan wannan tafki, shi ya sa aka san duk wannan. Ina ganin ya kamata mu masu koyo mu daina ɗaukar wannan a matsayin maganar masana kaɗai. Mun yini a kan ruwan, mun ga lungun da mai aunawa ba lallai ya je ba a ranar. Akwai manhajar waya mai suna Bloomin' Algae da ake ɗaukar hoto a tura tare da wurin da aka gani, masana su duba. Mun tura namu kafin mu bar wurin.

Akwai kuma abin da ya shafi kifin kai tsaye. Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Idan ɗumin ruwa ya kusa digiri 20, iskar da yake shaƙa ta ragu, kokawar da za ka yi da shi a ƙugiya tana iya kashe shi ko da ka sake shi yana motsi. Dattijon yana yawo da ɗan ma'aunin zafi ɗaure da zare, ya auna tsakiyar tafki da safe ya samu 16, shi ya sa ya yarda muka ci gaba. Ya ce da ya ga ya kusa 20, da naɗe sanduna za mu yi. Na sayi irinsa, bai kai kuɗin ƙuda biyar ba.

Da muka dawo gida na wanke koma da takalman ruwa da ruwan zafi, na shanya su har suka bushe ƙayau, don kada in kwashi wani abu daga wannan ruwa in kai wani. Ku ma ku yi haka kafin fita ta gaba.

Lokacin kamun wannan kifi a Sikotland yana rufewa ranar 6 ga Oktoba, saboda haka fita ɗaya ta rage mana, a ƙarshen Satumba, lokacin da ruwa ya huce kuma dinyoyin daji suka fara sauka daga arewa. Kafin nan zan riƙa zuwa filin unguwarmu bayan la'asar da ɗan ulu a madadin ƙugiya, minti 20 kullum, in saba da jiran nan na baya. Duk mai zuwa ya taho da tabarau da hula saboda ƙugiya, da ruwan alwalarsa a gora.