Allon lambar mutum-mutuminmu: inda aiki ya kai bayan mako uku

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. A wannan karon ba zancen injin ɗaga kaya ko rubuta manhaja na zo da shi ba. Zancen ɗan allon nan ne da ake rubuta lambar ƙungiya a kai, a maƙala wa mutum-mutumi. Na ɗauka aikin yamma guda ne, sai ga shi ya ci mana Asabar uku, kuma har yau akwai ɗan abin da ya rage.

Asabar ta farko

Ƙungiyar ɗaliban da nake taimaka wa tana shiri ne bisa tsarin FIRST Tech Challenge (FTC a taƙaice), ɗaya daga cikin gasannin ƙungiyar FIRST da Dean Kamen ya kafa a Amurka a 1989. A kowane wasa mutum-mutumi huɗu ne ke shiga fili, biyu a ɓangaren ja, biyu a ɓangaren shuɗi, kuma filin ƙafa 12 ne ta kowane gefe. Minti biyu da rabi an gama. To ka duba halin alƙalin wasa: abubuwa huɗu na ƙarfe da waya suna ta kai da komo, sau da yawa ma daga kayan kamfani ɗaya aka haɗa su, sun yi kama kamar an tsaga kara. Idan ɗaya ya yi laifi, ko ya ci maki, da me zai gane shi? Lambar nan ce kawai da launin da ke bayanta.

Abu na farko da muka yi shi ne zama da littafin dokoki. Wanda muka yi aiki da shi na kakar 2024 zuwa 2025 ne, kuma ga abin da ya nema: allo aƙalla biyu a gefe daban-daban na jikin mutum-mutumin, kowanne da launi ja zalla ko shuɗi zalla wanda bai gaza inci 6.5 a faɗi da inci 2.5 a tsayi ba, lambobi farare masu tsayin kimanin inci 2.25, a jere a kwance, ba a ɗora ɗaya kan ɗaya ba. A ma'aunin da muka saba, santimita 16.5 ke nan da kusan 6.4, lambobin kuma kusan 5.7. Ina roƙonku, kada ku kwafi waɗannan alƙaluma daga gare ni ku tafi yanka. Dokar tana sauyawa. A shekarun da suka gabaci wannan kakar, lamba daban take, alamar ɓangare daban: ja mai kusurwa huɗu, shuɗi mai kusurwa uku. Wanda ya kalli tsohon bidiyo ya kwaikwaya, zai je wurin tantancewa a mayar da shi. Ku buɗe littafin shekarar da za ku shiga.

Ranar dai muka yanka kwali, muka shafa masa fenti, muka rubuta lamba da farar alli mai ruwa, don mu ga girman kawai. Nan matsala ta farko ta fito. Lambarmu mai alƙaluma biyar ce. Idan ka cire rubu'in inci a kowane gefe daga inci 6.5, saura 6, ka raba gida biyar, kowane alƙalami bai wuce inci 1.2 ba har da tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi. A matse suke kamar fasinjojin motar kasuwa. Da muka ja baya taku goma, 8 da 3 suka haɗe suka zama abu ɗaya. Inci 6.5 ɗin nan mafi ƙaranci ne, babu wanda ya hana ka ƙarawa, don haka muka tsayar da inci 8.

Asabar ta biyu

Wannan ce ranar da na fi koyon abu, kuma ba a ɗakin aikinmu na koya ba. Mun je wurin wani dattijo mai yanka sitika, irin masu yi wa shaguna allo da rubuta lamba a jikin adaidaita sahu. Na nuna masa rubutun da yaran suka zaɓa a kwamfuta, wani mai lanƙwasa da ƙaho a kan kowane alƙalami. Ya riƙe takardar a nesa da fuskarsa, ya runtse ido, sannan ya ce, "Malam, wannan na katin biki ne. Abin da ke gudu ba a yi masa ado a lamba." Ya ɗauko wani rubutu miƙaƙƙe mai kauri, ya nuna mana yadda 1 ke bukatar ɗan ƙafa a ƙasa don kada ya zama sanda, da yadda cikin 8 da 6 ke son a bar shi a buɗe. Wata ɗalibarmu ta ce, "Baba, to in an ƙara kaurin ba zai fi fitowa ba?" Ya ce kauri in ya yi yawa ramukan ciki ne ke toshewa, daga nesa sai ka ga dunƙule. Shekarun da ya yi yana wannan sana'a sun riga sun ba shi amsar da muke nema a littafi.

Kayan da za a yi allon da shi ma sai da muka gwada uku. Kwali ya fita tun farko, karo ɗaya ya naɗe. Roba mai ƙyalli irin ta allon shago, wadda ake kira akirilik, tana da kyau a ido, amma da muka huda ta kusa da baki sai ta tsage, kuma na san abin da zai faru ranar da wani mutum-mutumi ya yi karo da namu. Muka koma kan falikabonet mai kaurin milimita 2, wadda take lanƙwasawa ba ta fashewa. Ita muka lulluɓe da sitika mai launi, muka ɗora fararen lambobi a kai. Shawara ɗaya daga dattijon: ku nemi sitika marar sheƙi. Mai sheƙi tana mayar da hasken fitila, kyamara ta ɗauko farin tabo a inda lamba take.

Wurin liƙawa, ya sa muka fesa ruwa mai ɗigon sabulu a kan robar, muka ɗora sitikar, muka bi ta da tsohon katin banki daga tsakiya zuwa baki har iska da ruwan suka fita. Allo huɗu muka yi, ja biyu shuɗi biyu. Na farko ya yi kumfa uku a kusurwa, sauran sun kwanta sumul.

Asabar ta uku

A nan ne muka biya kuɗin rashin tunani tun farko. Mutum-mutumin FTC dole ne ya shiga cikin akwati mai inci 18 ta kowace fuska kafin a fara wasa, kuma duk abin da ke jikinsa ana ƙirga shi, har da allon lamba. Namu an gina shi dab da iyaka, inci 17 da ɗoriya. Da muka ɗaura allo biyu a gefe da gefe da kusoshi masu tudun kai, muka kifa masa akwatin gwaji da muka yi da katako, sai ya ƙi sauka. Ɗan abin da ya hana bai kai kaurin fensir ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin yaran sun yi wata biyu a kan wannan gangar jikin, kuma da mun zana wurin allon tun ranar da muke zana wurin taya da batir, da ba mu zo nan ba. Dole muka kwance farantin gefe ɗaya, muka matsar da shi ciki, muka sake huda ramuka.

Sai batun sauya launi. Jadawalin gasa ba ya barinka a ɓangare ɗaya: yanzu kana ja, wasa na gaba kana shuɗi, wani lokacin da ɗan taƙaitaccen lokaci a tsakani, ga canjin batir, ga gyaran abin da ya kwance. Da kusoshi huɗu a kowane allo, ɗalibin da ya fi kowa sauri ya ci minti huɗu. Mun gwada Velcro, maɗaurin nan da ake mannawa a ɓare irin na takalmin yara, sauyi ya koma daƙiƙa kaɗan, amma da muka sa mutum-mutumin ya goga bango sai gefe ɗaya ya ɗago. Allon da ya faɗi a fili matsala ce biyu: ba a san kai waye ba, kuma ka bar tarkace a hanyar wasu. Abin da ya yi mana aiki shi ne ɗan kwaroro da muka buga da firinta mai fitar da siffa, a buɗe ta sama, allon yana zamewa ciki kamar kati a aljihu, sannan kusa ɗaya mai kunne da ake murzawa da yatsa ta riƙe shi. Daƙiƙa 20 ga duka biyun, ba sukuddireba, ba sifana. Wanda ba shi da irin wannan firinta zai iya yin kwaroron da siraran robar guda uku da ya jera.

Wurin da za a sa shi ma akwai abin lura. Kada ya rufe makunnin wuta, kada ya tare fitilun Control Hub, wato ɗan akwatin da ke sarrafa mutum-mutumin, waɗanda masu duba ke son gani, kada ya shiga gaban kyamara. Kuma ku gwada shi hannun mutum-mutumin yana sama da yana ƙasa. Namu na hagu yana fitowa tas idan hannu na ɗage, amma da ya sauko sai ya rufe alƙalami na ƙarshe, muka ja allon baya da inci ɗaya.

Ga waɗanda ke wasu gasannin, tsarin ya bambanta. A FIRST Robotics Competition, ta manyan mutum-mutumi inda ake uku da uku, ana sa fararen lambobi masu tsayin kusan inci 4 ne a jikin matashin kariya da ke zagaye da shi, mai rigar yadi ja ko shuɗi. A VEX kuwa akwai ƙananan faranti ja da shuɗi kamar lambar mota, lambar ƙungiya tana ƙarewa da harafi.

Wani amfanin da yaran ba su yi tunaninsa ba sai da na faɗa musu: a ƙarshen wasannin share fage, ƙungiyoyin da ke sama su ke zaɓar abokan ƙawance, kuma 'yan leƙensu na zaune can kan benci da takarda suna rubuta wanda ya yi abin kirki. Idan ba su iya karanta lambarka daga inda suke ba, ƙoƙarinka zai shiga layin wani. Tun da suka ji haka, su da kansu suke ɗaukar waya su koma ƙarshen ɗaki su ɗauki bidiyo, su ga ko lambar na karantuwa mutum-mutumin yana gudu.

Abin da ya rage: ƙarin allo ɗaya na kowane launi don ajiya a akwatin kayan aiki, da sake yin jan nan mai kumfa. Kusar mai kunne kuma za mu ɗaure ta da ɗan zare a jikin kwaroron, domin jiya sai da muka yi minti biyar a durƙushe muna nemanta a ƙarƙashin tebur.