Sa'Adatu, Mu'Azu da rumbun kayan aikin Python

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma yawancin abin da nake rubutawa na makarantu ne da ƙananan asibitoci a nan Kano: rajistar ɗalibai, sakamakon jarrabawa, katin marasa lafiya. Da Python, harshen rubuta manhaja, nake yin kusan komai. Duk wanda ya taɓa irin wannan aiki ya san sunayen mutane ne ke fara ba da ciwon kai. Mai shigar da sunaye yau ya rubuta da manyan baƙaƙe, gobe da ƙanana, sai ka ce bari ka daidaita su da `title()`, umarnin da ke mayar da harafin farko na kowace kalma babba. Abin da zai fito maka shi ne Sa'Adatu, Mu'Azu, Isma'Ila. Jami'a ma ta koma Jami'A.

Matasa da dama da ke koyon aiki a wurina, da zarar sun ga haka sai su ce sun kama Python da kuskure, a je a kai rahoto. Nakan ce su fara buɗe littafin bayanin harshen. A can an rubuta ƙarara cewa `title()` na ɗaukar duk jerin haruffan da ke manne da juna a matsayin kalma guda, don haka alamar hamza tana yanke kalma biyu. An kuma nuna wata hanya, `string.capwords()`, wadda ba ta raba kalma sai inda aka bar fili. Ita tana ba da Sa'adatu daidai. Sai dai in ka ba ta sunan unguwar 'Yankaba da ƙananan baƙaƙe, haka za ta dawo maka da shi, domin abin da ta tarar a farko alama ce, ba harafi ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ sun huta da wannan, tunda Python ya san babbanta Ƴ, kamar yadda ya san Ƙ da Ɗ da Ɓ.

Ba za a canza `title()` don mu ba, kuma ni ban ga laifinsu ba. Shirye-shirye marasa adadi a duniya sun dogara da yadda umarnin ke aiki a yanzu, in aka taɓa shi wasu ne za su kwana a ciki. Wannan shi ne abu na farko da mai son taimaka wa rumbun kayan aikin da ke zuwa tare da Python ya kamata ya iya: bambance abin da ya lalace da abin da aka gina haka da gangan.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan ciwo. Ka rubuta kalmar ƙasa cikin fayil da `open()` a kwamfuta mai Windows ba tare da ka faɗi tsarin adana haruffa ba, sai shirin ya tsaya cak da saƙon `UnicodeEncodeError`, yana cewa bai iya adana `\u0199` ba. Wannan lambar ita ce ƙ ɗinmu. Dalili shi ne Python na bin tsarin da kwamfutar ke kai, a yawancin na'urorinmu kuwa tsarin shi ne cp1252, wanda aka yi don harsunan yammacin Turai, babu ƙ ko ɗ ko ɓ a cikinsa. Shirin da ya yi lafiya lau a Linux ɗinka sai ya faɗi a ofishin shugaban makaranta. Ba mu kaɗai abin ya dama ba, kuma masu ƙorafi daga ƙasashe daban-daban ne suka yi ta turawa har aka motsa. Victor Stinner ya kawo yanayin UTF-8 da mutum zai kunna da kansa a Python 3.7; UTF-8 kuwa tsarin adana haruffa ne da ke ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ da haruffan sauran harsuna. Inada Naoki, ɗan Japan, ya rubuta takardar shawara mai lamba PEP 597 da ta kawo gargaɗi a 3.10 ga mai buɗe fayil ba tare da ya faɗi tsarin haruffa ba, sannan ya rubuta PEP 686, wadda aka amince da ita cewa daga 3.15 UTF-8 ne zai zama tsarin asali. Shekaru aka ɗauka, amma an kai.

Abin da ke sa ni rubuta wannan shi ne, mu masu aiki da Hausa muna ganin abubuwan da masu kula da Python ba za su taɓa cin karo da su a teburinsu ba, amma da wuya ka ga ɗayanmu a wurin da ake kai rahoto. Wurin kuwa a buɗe yake. Guido van Rossum ya saki Python a 1991, ya sauka daga jagoranci a 2018, yanzu majalisa mai mutum 5 ke yanke hukunci. Kod ɗin Python ya koma GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, a 2017, rahotannin matsaloli suka biyo baya a 2022 daga tsohon gidansu. Duk mai asusun GitHub zai iya buɗe rahoto yau ɗin nan.

Yadda za a rubuta shi ne aikin. Wanda ya kai mashin wurin bakanike ya ce "ba ya yi" ya tafi abinsa, bai ba shi abin kamawa ba. Sai ka ce da safe ne yake ƙin tashi, ko in ya yi zafi ne yake mutuwa. Ni kafin in buɗe rahoto, nakan yi ta rage kod ɗin da ya faɗi, in cire duk abin da ya shafi manhajata, har ya rage layuka kaɗan da kowa zai kwafa ya gwada ba tare da ya sauke komai ba. Sau da yawa a wurin ragewar ne nake gano cewa matsalar daga wani kunshin waje take, wanda ba ya zuwa tare da harshen, ba ta shafi Python ba, sai in kai ta inda ta dace. In ta tsaya, sai in rubuta sigar Python da na gwada, irin kwamfutar, abin da na sa ran gani, abin da na gani, da cikakken saƙon kuskuren a rubuce, ba hoton allo ba. Nakan kuma bincika ko wani ya riga ni. Abin da ya shafi tsaro ba a baza shi a fili, tawagar tsaro ake aika wa a asirce.

Inda na fi kashe lokacina ma ba sababbin rahotanni ba ne, tsofaffi ne. Akwai dubbai a buɗe, wasu sun haura shekara 10, an rubuta su tun zamanin Python 2 da aka daina kula da shi a farkon 2020. Nakan sauko da kod ɗin Python gaba ɗaya, abin da ke cin ɗaruruwan megabayit, don haka da dare nake yi lokacin da data ta fi araha. In harhaɗa shi da `--with-pydebug`, zaɓin da ke sauƙaƙa gano kuskure, in ɗauki tsohon rahoto kan wani sashe na rumbun kamar `csv` ko `email` ko `zipfile`, in gwada. Ko dai matsalar na nan, in rubuta cewa na tabbatar da ita a reshen `main`, wato kod ɗin da ake kan aiki a kai don siga mai zuwa, ga kuma gajeren misali, ko kuma an gyara ta tuntuni ba wanda ya lura, in faɗa a rufe. Idan abu ne da ke aiki a da ya lalace daga baya, umarnin `git bisect` na raba tarihin canje-canje gida biyu, ya sake rabawa, har ya nuna ainihin canjin da ya kawo ɓarnar. Mai kula da sashen da aka miƙa wa wannan an rage masa rabin aiki. Ina jin daɗin wannan aiki ƙwarai, ko da sunana bai fito a ko'ina ba.

Shigar da gyara kuwa yana da ƙa'idojinsa, duk suna cikin littafin jagoran masu ba da gudummawa. Za ka sa hannu a yarjejeniyar ba da gudummawa ta gidauniyar Python. Gyaran zai zo da gwajinsa a cikin `Lib/test`, gwajin da ke faɗuwa kafin gyara ya kuma wuce bayansa. Za ka rubuta ɗan bayani da wani ɗan shiri mai suna `blurb` don a sa a jerin abubuwan da suka canza. A reshen `main` ake fara shigar da komai, sannan wani shiri mai aiki da kansa mai suna miss-islington ya kwashe gyaran zuwa sigogin da ake kula da su. Sabon abu kuwa, wanda ba gyaran kuskure ba, sai an fara tattauna shi, kuma ƙofarsa na rufewa a watan Mayu da fitowar sigar gwaji ta beta ta farko, kafin babbar fitowa ta Oktoba.

Sai haƙuri. Gyaranka zai iya yin watanni ba wanda ya duba. Ba wulaƙanci ba ne. Yawancin masu ikon amincewa da gyara 'yan sa-kai ne da ke da nasu ayyukan, sai a 2021 gidauniyar ta ɗauki Łukasz Langa a matsayin ma'aikaci na farko da ake biya don ya zauna kan wannan tulin. Rashin hannu yana da sakamako. A Python 3.13 an fitar da tsofaffin sassa 19 daga rumbun, ciki har da `cgi` da `telnetlib` da `imghdr`, kuma rashin masu kula da su na cikin dalilan da aka bayar.

Roƙona ga 'yan'uwa masu rubuta manhaja da Python shi ne mu gwada sauyin UTF-8 ɗin nan a kan bayananmu na gaske. Ka kunna shirinka da `-X warn_default_encoding`, zai nuna maka duk inda ka buɗe fayil ba ka faɗi tsarin haruffa ba. Ka sake kunna shi da `-X utf8` ka ga yadda zai yi a sabon tsarin. Ka ba shi sunaye masu ƙ da ɗ, ka ba shi rubutun ajami, ka ba shi tsofaffin fayilolin da aka adana da cp1252 shekaru da suka wuce, domin su ne za su fara gardama idan an juya. Wanda ya faɗi saboda fayil ɗinka ne, ka rubuta masa tsarin haruffansa a fili. Wanda ya faɗi a cikin `Lib`, wato cikin rumbun kansa, kuwa, ka rage shi zuwa layuka kaɗan ka buɗe rahoto.