Agogon murɗawa a gaban tsohuwar fijo

Motata Peugeot 404 ce, samfurin da Faransa ta fara ƙerawa a 1960, kuma da na ƙudura sanya mata agogo sai na tarar cewa akasarin tsofaffin agogunan mota iri biyu ne, kowanne da halinsa. Akwai na wani zalla, wanda ake murɗawa da hannu ya yi kwana 8 yana tafiya, irin waɗanda Smiths na Ingila da Jaeger da Waltham na Amurka suka yi suna a kansu. Akwai kuma wanda ya biyo baya, irin na Kienzle da VDO da ake gani a tsofaffin marsandi, wanda cikinsa na wani ne amma batirin mota ke ɗana masa sifirin duk bayan 'yan mintoci, har a ji ya yi ƙarar ƙwas. Wannan na biyun yana da aibi ga motar da ke yawan kwana a gareji, domin idan batir ya yi sanyi, bakin wayoyin da ke haɗuwa a cikinsa sukan manne su ƙone. Tawa sai ƙarshen mako take fita, saboda haka na zaɓi na farko.

Na samu wani Smiths a wurin wani dattijo mai gyaran agogo kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi, irin wanda ake yi wa wani ta hanyar juya zoben da ya kewaye gilashin. Kafin ya miƙo mini sai da ya warware shi gaba ɗaya, ya wanke busasshen man da ya daskare, ya ɗiga sabo da bakin allura. Na ce, "Baba, ba za a goge lambobin nan su yi haske ba?" Ya ce, "Ɗana, kada ka taɓa su." Gaskiyarsa ne, domin fentin da ke haskawa cikin duhu a yawancin agogunan da aka yi kafin shekarun 1960 yana ɗauke da sinadarin radiyom, kuma kankare shi na tayar da ƙura mai cutarwa ga wanda ya shaƙa.

Ɗaurawar ita ce ta fi cin tunani. A Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ba a rasa mai hannu, kuma babban makanikin da na je wurinsa ya so ya huda gaban motar nan take, amma na ƙi. Ramukan da ake yi wa ƙananan mitocin zamani milimita 52 ne, wannan agogo ya fi su faɗi, kuma ƙarfen tsohuwar mota idan aka yanke shi ba ya dawowa. Muka lanƙwasa ɗan faifan ƙarfe, muka rataye shi a ƙasan gaban motar da ramukan noti da suke nan tun asali. Wurin da muka zaɓa yana nesa da sifikar rediyo, domin maganaɗisu na sa siririn sifirin da ke daidaita bugun agogo ya manne da juna, agogon ya riƙa gudu fiye da kima. Yana kuma cikin inuwa, saboda ranar Kumasi idan ta bugi gilashin gaba, zafin da ke taruwa a ciki ya isa ya busar da man agogo.

Abin da ya fi komai amfani shi ne zoben roba da muka yanko daga tsohon tiyub muka sa tsakanin agogon da faifan. Manufar ita ce a rage girgiza, domin tsinayen da ke riƙe da 'yar tayar da ke kai da komo a cikin agogo sirara ne ƙwarai, gargada da tudun rage gudu na iya karya su. Sai ga shi robar ta yi wani aikin kuma. Da muka gwada shi ƙarfe kan ƙarfe, gaban motar gaba ɗaya ya zama kamar ganga, yana ƙara wa bugun amo har mutum ya ji shi daga kujerar baya. Da robar ta shiga, sai ya koma daidai kunnen direba.

Agogon yana buga sau 5 a daƙiƙa, wato sau 18,000 a awa. Idan inji na aiki ba a jin komai, balle a cunkoson hanyar Aboabo, amma da zarar an kashe mota sai ƙas-ƙas ɗin ya cika ta. Uwargida ta ce yana hana ta sakewa idan muna jiran wani a cikin mota, yara kuwa sukan kara kunne suna ƙirgawa. Ni dai a hankali kunnena ya koyi karanta shi. Bugun da ke tafiya daidai alamar lafiya ce, wanda ke ɗingishi, ɗaya dogo ɗaya gajere, yana nufin a kai shi wurin Baba, kuma idan sautin ya yi rauni to wanin agogon ya kusa ƙarewa ko ƙurar hunturu ta sami hanyar shiga.

Ranar Juma'a nake yi masa wani, in daidaita shi da wayata, kuma ina tsayawa da zarar zoben ya fara tauri. Yakan kauce da 'yan mintoci a mako, ya fi jinkiri a lokacin zafi, kuma ɗan hannun saita gudu da ke bayansa mai haruffan S (rage gudu) da F (ƙara gudu) gyara kaɗan yake so, a matsa shi kamar kaurin gashi a jira mako guda a gani. Ban dogara da shi wajen lokacin salla ba. Matsalar da ta rage ita ce kayan gyara, domin duk faɗin Magazine babu mai sayar da sifirin agogon Smiths, shi ya sa da Baba ya samo wani matacce irinsa na saye shi na ajiye a gida, saboda ranar da wani abu zai karye.