Begilar Kawu

Da na ce yau ba zan rubuta komai ba, don tun la'asar kaina ke sara, amma maganar Kawu ta hana ni runtsawa. Gara in juye ta a nan ko na samu barci.

Safiya lafiya lau. Hanifa ta tafi makaranta ba kuka, rabon da a ga haka tun kafin hutu. Mai ruwa ya zo da wuri. Darasi uku na yi, na gama makin 'yan aji biyu, na dawo gida har da 'yar waƙata a baki.

Bayan azahar Kawu ya iso, kamar kullum in ya je karɓo maganinsa. Na shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na dama fura. Littafin nan da na ishe ku da zancensa tun makon jiya, Fools Crow na James Welch, wanda na tsinta a wajen mai gwanjon littattafai, yana kife a gefen tabarmar. Ya ɗauka ya jujjuya, ya ce, "Malama, wannan kuma na mene ne?" Na ce labarin mutanen Blackfoot ne, cikin asalin mazauna Amurka tun kafin Turawa su je. Sai fuskarsa ta washe. "Au, Jajayen Indiya! Masu gashin tsuntsu a ka!"

Shi ke nan aka buɗe faifai. Yadda suke satar jiki daga cikin gari su tafi Rex a Sabon Gari kallon kaboyi, yadda ake dawowa a sha bulala. Ya ce in Indiyawan suka zagaye keken Turawa kowa sai ya yi tsit, amma da an busa begila, sojojin doki suka ɓullo daga bayan tsauni, silima gaba ɗaya sai ta kaure da tafi da fito, wasu har kan benci suke hawa. Ya dunƙule hannu a baki ya busa begilar. Hanifa ta kwanta don dariya.

Ni kuwa jiya da daddare na kai wajen kogin Marias a littafin. Da shi na kwana, da shi na tashi. Ban san lokacin da na ce, "Kawu, kun kuwa san waɗanda kuke wa tafin?" ba. Da muryar da nake wa 'yan aji biyu magana na faɗe shi. Kuma ban tsaya nan ba, na zazzage masa duka.

Ranar 23 ga Janairu, 1870, da sassafe, cikin sanyin da ke daskarar da kogi, sojojin Amurka ƙarƙashin Manjo Eugene Baker suka zagaye wani zangon Pikuni, wato reshen Blackfoot na Montana. Mutanen wani shugaban Pikuni mai suna Mountain Chief aka turo su nema, saboda kisan wani Bature ɗan kasuwa, Malcolm Clarke, a shekarar da ta wuce. Amma zangon da suka tarar na wani shugaban ne daban, Heavy Runner, wanda ke zaman lafiya da gwamnati, har da takardar shaida a hannunsa. Ya fito da takardar yana ɗagawa, aka harbe shi. Yawancin mazaje sun tafi farauta, agana ta kwantar da mutane a cikin bukkokin fata. Lissafin sojojin da kansu ya ce mutum 173 suka kashe, wasu kuma sun ce sun haura 200, akasari mata da yara da tsofaffi. Waɗanda aka kama da rai, da aka ga akwai agana a jikinsu, sai aka sake su cikin dusar ƙanƙara bayan an ƙone bukkokin.

Na gama, ina huci kamar shi ya ja kunamar bindigar.

Kawu ya ajiye ludayi a hankali. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "To 'yar nan, mu wa ya gaya mana? Turancin ma ba ji muke ba. Wanda hoto ya bi, shi ne namu. Su daga nesa ake nuno su, suna ihu suna faɗowa daga doki. Shekara nawa ina kallo, ko sunan ɗaya ban taɓa ji ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Ga shi abin da ya faɗa, shi ne ainihin abin da na kwana bakwai ina son in bayyana muku game da littafin nan na kasa. Welch hoton ya juya. Kana cikin bukkar, ka san wa ke tari, wa ke son matar wa, wa ya yi mafarki ya ɓoye. Jarumin ma da farko saurayi ne marar sa'a da ake wa dariya, sunansa White Man's Dog, sai bayan yaƙi da ƙabilar Crow ya samu sunan da littafin ya ɗauka. Kuma da Turanci aka rubuta, amma an tanƙwara Turancin ya bi bakin Pikuni. Ɓauna ita ce baƙin ƙaho. Tsaunukan Rocky su ne Ƙashin Bayan Duniya. Agana cutar farin ɓawo. Sojoji masu kame. Turawa kuwa Napikwan, kuma su ne ake hangowa daga nesa, baƙi masu wuyar ganewa. Shafi talatin na farko na sha wuya, daga baya sai na ji ni ma haka nake kiran abubuwan a raina. Shi ya sa da aka zo Marias na kasa cin tuwo.

Don in rufe kunyata na ƙara masa fura. Ya ce, "Shi mai littafin, nasu ne ko Bature?" Na ce nasu ne. A Browning aka haife shi a 1940, cikin yankin da aka killace wa Blackfoot a Montana, kusa da iyakar Kanada. Uba Blackfoot, uwa 'yar ƙabilar Gros Ventre. Da waƙe ya fara a jami'ar Montana, kuma malaminsa Richard Hugo ne ya karkato da shi ya bar rubuta abin da bai sani ba, ya koma kan inda ya tashi. Daga nan aka samu kundin waƙoƙinsa a 1971, sai Winter in the Blood a 1974, labarin wani mutum da ko suna ba a ba shi ba, yana gantali tsakanin gonar uwarsa da mashaya, har ya gano cewa wani makahon tsoho da ke zaune shi kaɗai kakansa ne. Fools Crow ya fito a 1986. Ya rasu a 2003 yana da shekara 62.

Sai na gaya masa abin da ya fi tsaya mini. Kakar mahaifin Welch, Red Paint Woman, tana cikin zangon nan ranar, tana yarinya. An harbe ta a ƙafa, ta tsira. Ita ta ba jikanta labarin, shi kuma ya ba ɗansa. Matar jarumin littafin ma Red Paint ya sa mata.

Kawu ya gyaɗa kai. "Ashe a gida ya ji."

Aka kira la'asar. Ya yi alwala, ya yi salla, ya fara laluben takalmi. Yana sunkuye yana sa ƙafa ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ai mu ma Iya Babba ta ga shigar Nasara Kano tana 'yar ƙarama. Takan fara ba mu, mu kuwa hankalinmu na kan silima."

Ni kuma me na ce? "Allah sarki." Iyakarsa ke nan. Na shige ɗaki neman canjin adaidaita sahu, don a lokacin kaina bai bar Montana ba, ina ta lissafin abin da na manta ban gaya masa ba, kamar littafin da Welch ya yi a 1994 kan yaƙin Little Bighorn. Sai da ƙarar adaidaitan ta ɓace na ji maganar ta sauka. 1903. Yarinya a cikin ganuwa. Inna ba ta taɓa ambata mini ba, ita ce auta, wataƙila ba ta riske ta da wayo ba. Cikin waɗanda suka zauna gaban tsohuwar nan, Kawu kaɗai ya rage, kuma duk wata sai an ƙara masa ƙwaya.

Na kira wayarsa bayan magariba, a kashe. Ya saba, sai ya kwana biyu bai sa caji ba.

Abban Hanifa ya dawo da lemo da labarin go-sulo. Na ba shi labari, ya ce ai Kawu ba ya riƙo, in daina damun kaina. Bai gane ba, ban kuma yi ƙoƙarin ganar da shi ba.

An ɗauke wuta tun tara. Saura shafi ashirin da wani abu, ban taɓa su ba. Miyar gobe ba a yi cefanenta ba. Hanifa kuwa tun tafiyar Kawu take zagaye tsakar gida da hannu dunƙule a baki tana busa begila, har a wajen wanka. Sau biyu na buɗe baki zan hana ta, na fasa.