Kura da shan bugu: yadda na yi mako biyu ina zargin MySQL

Kusan kullum cikin dare shafin da nake kula da shi sai ya faɗi. In shiga sabar, wato kwamfutar da shafin ke kai, in tarar MySQL, manhajar rumbun bayanan shafin, ya mutu, in tashe shi, in koma barci. Sabar ƙarama ce, RAM ɗinta gigabait 2, ni kuwa na riga na yanke hukunci cewa rumbun bayanai ne mai haɗama.

Abin da ya ƙara ɓatar da ni htop ne, manhajar da ke nuna ayyukan da ke gudana a sabar da RAM ɗin da kowanne ke ci. Na buɗe shi na ga layukan mysqld, wato MySQL ɗin, sun fi talatin, kowanne da megabait ɗari huɗu da ɗoriya a gabansa, har na fara tarawa ina salati. Ashe aiki ɗaya ne da rassansa, duk a kwano ɗaya suke ci. Da na danna babban harafin H sai suka dunƙule zuwa layi guda.

Wani da ya girme ni a aikin ya ce, "Malam, ka leƙa dmesg kuwa?" Ban leƙa ba. A can, inda Linux ke rubuta abin da ke faruwa a cikinsa, na ga shi ne da kansa ke kashe MySQL. In RAM ta ƙare ƙaf, yakan nemi wanda ya fi kowa jiki ya yanka don sauran su rayu. Wanda ya cinye wurin kuwa Apache ne, manhajar da ke miƙa wa baƙi shafin. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Apache ɗinmu na kan tsarin prefork, da PHP (harshen da ke tafiyar da shafin) a cikinsa, wato kowace haɗuwa sai an ba ta ma'aikacinta daban. Na auna, kowane ma'aikaci na cin kusan megabait 45. MaxRequestWorkers kuma, wato iyakar yawan ma'aikatan da Apache zai iya tayarwa, yana kan 150, yadda ya zo da Ubuntu, ban taɓa shi ba. Ninka 45 sau 150, ka haura gigabait 6. Da rana ba a jin komai, don da wuya ma'aikata su wuce goma sha biyar. Da dare ne manhajojin injunan bincike ke yi wa shafin rubdugu, Apache ya yi ta haihuwa har ɗaki ya cika.

Gyaran bai ci minti goma ba, wannan ne ma ya fi ba ni haushi. Na ware wa MySQL megabait 600, tsarin kansa 300, na raba saura da 45, na rubuta 24. Na rage KeepAliveTimeout daga daƙiƙa 5 zuwa 2, don kada ma'aikaci ya zauna jiran baƙon da ya riga ya tafi. Hannuna ya yi nauyi wajen saukar da 150 zuwa 24, ina ganin kamar korar mutane nake. Amma wanda ya tarar da cunkoso layi kawai yake bi na ɗan lokaci, ba shafi matacce yake tararwa ba.

Daga baya mun koma PHP-FPM, wanda ke tafiyar da PHP daban da Apache, da nasa ma'aikatan. Ranar farko na buɗe fayil ɗinsa, na nemi pm.max_children, wato iyakar yawan ma'aikatansa, na jawo takarda da biro.