Agogon Wuya na Zinare da Furannin da Ke Bayan Murfinsa

Shekara 27 ke nan ina gyaran tsofaffin agogo a ɗan shagona a Kano, kuma a cikin duk abin da ke zuwa hannuna babu wanda nake ɗauka da girmamawa kamar agogon wuya na zinare, irin wanda matan Turai suke ratayawa da sarƙa ko su maƙala a ƙirji tun kafin agogon hannu ya yaɗu. Yawancinsu gado ne, sun shigo ta hannun 'yan kasuwa da iyalan da suka daɗe suna hulɗa da ƙasashen waje.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai bar ni na taɓa inji ba sai da na shekara ina koyon karanta hatimin da ke cikin murfi. Yakan miƙo mini madubin ido ya ce, “Yaro, faɗa mini daga ina ya fito.” Kan mikiya na Faransa ne, zinare mai karat 18. Anga, wato ƙarfen da ke tsayar da jirgin ruwa, alamar birnin Birmingham na Ingila ce, kan damisa kuwa na Landan. A na Suwizalan, bayan dokar 1880, kan mace yana nufin karat 18, kurege kuma karat 14. Har yau da wannan nake fara aiki, kafin na goga a dutsen gwaji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan murfin. Maƙeran birnin Janiba na Suwizalan sukan zana zinaren da layuka sirara, su zuba garin gilashi mai launi a kai, su gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 800, sau da yawa, har furen ya fito kamar yana ƙarƙashin ruwa. Kuma furannin ba ado kawai ba ne, domin a zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila kowane fure magana ne. Wardi soyayya ce. Ɗan shuɗin furen nan da sunansa ke nufin “kada ka manta da ni” na tunawa ne, shi ya sa ake yawan ganinsa a kayan makoki, a kan baƙin launi, da ƙananan lu'ulu'u da ke matsayin hawaye. Furen fansi ya samo sunansa daga kalmar Faransanci ta tunani, wato mai kyautar yana cewa kina cikin raina. Furen lemo na amare ne, kuma ita Sarauniyar da shi ta yi ado ranar aurenta a 1840. A babban baje kolin Landan na 1851 ta mallaki agogon wuya na kamfanin Patek Philippe mai shuɗin murfi da furen daimon.

Saboda haka raina yake ɓaci idan mutum ya shigo ya ɗora irin wannan agogo a sikeli yana tambayar giram nawa ne. Na ga yadda aka fasa wani mai furen wardi, aka jefar da injin, aka narkar da murfin don a yi 'yan kunne. Aikin da maƙeri ya yi makonni a kansa ya tafi cikin minti biyar, kuma babu mai iya dawo da shi.

Gyaran kansa aikin haƙuri ne. Injin waɗansu bai fi faɗin kwabo ba, tsofaffin cikinsu da ɗan mabuɗi ake murɗa su, kuma kayan gyaransu ba a sayar da su a kasuwa. Idan haƙorin wata ƙafar injin ya karye ko sandar da take juyawa a kai ta lanƙwashe, da hannu nake gyarawa ko na sassaƙa sabo. Ba na kusantar da wuta ga murfi mai launi, domin gilashin yana tsagewa nan take, kuma ba na goge zinaren har zanen ya dushe don kawai ya yi ƙyalli.

Sai kuma masu kawo jabu, tagulla da aka yi wa ruwan zinare, da fenti a madadin gilashi, da injin batir a ciki, suna sayar wa mata a matsayin kayan da. Wata Hajiya ta kawo mini irinsa tana murna, na buɗe na nuna mata babu hatimi ko ɗaya. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, wannan bai kai shekara goma ba.” Tun daga ranar, duk wanda zai saya nakan ce ya fara kawo mini in duba, ba na karɓar ko sisi a kan dubawa.