Injin faskaren da muka haɗa a gida, da yadda yara suka shiga aikin

Gatari ne ya jawo duk wannan. Wata Asabar cikin sanyin Disamba ina ɗaki sai naji ƙarfe ya daki langa-langa da ƙarfi, na fito a guje na tarar da babban yarona ɗan shekara 9 tsaye riƙe da ƙota babu ruwan gatarin, ashe ji yayi Mamansu na cigiyar ƙananan itacen hura wuta shine ya ɗauka wai zai taimaka mata, yana ɗagawa ruwan ya zare ya wuce ta gefen kan ƙanwarsa da take tsugune tana kallo ya je ya daki ƙofar kicin. Tsakaninsa da kanta bai kai kamu ɗaya ba wallahi. Ranar ko abincin kirki ban iya ci ba.

Da farko cewa nayi kar wanda ya ƙara taɓa itace a gidan nan. Amma abin ya tsaya min a rai, don yaron ba ɓarna yaje yi ba, uwarsa ya gani tana fama da hayaƙi yaji ba zai iya zama yana kallo ba, kuma irin wannan zuciyar in ka tsawatar mata sau biyu sau uku shikenan ta kwanta, wataran sai ka kira yaro aiki ya kalle ka kawai. Mu a ƙauye muna da shekarunsa har daji ake aikenmu ƙirare.

Mu dai nan Zariya tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira gas ya zama na shayin safe da ɗumame kawai, tuwo da wake da ruwan wankan yara duk murhu suka koma. Kuma duk mai sayen itace ya san gungume yafi araha nesa ba kusa ba akan ɗaurin da aka riga aka faskara, matsalar kawai sai ka jira mai faskare ya biyo layi, wani satin ma baka ganinsa.

A YouTube na ci karo da dabarar wata yarinya 'yar ƙasar New Zealand, Ayla Hutchinson, wadda tana shekara 13 ta ƙirƙiro abin faskare bayan mahaifiyarta ta yanke yatsa da ƙaramin gatari. Abinda tayi juya lamarin tayi kawai, maimakon kaifi ya sauko kan itace, sai ta kafe kaifin a ƙasa yana kallon sama, ta kewaye shi da zoben ƙarfe daga sama, ka zura itacen cikin zoben ya zauna kan kaifin, ka daki kansa da guduma ya tsage gida biyu. Babu wani abu mai kaifi da yake yawo a iska. Ina gani nace wannan ai maƙeranmu zasu iya.

Na sayi ɓallen sifirin ɗin mota wajen 'yan gwangwan, irin wanda dama da shi maƙera ke yin adda da gatari saboda ƙarfen yana riƙe kaifi, maƙeri ya ƙera min shi kamar bakin gatari amma nace kar ya wasa shi sosai, tsaga nake so yayi ba yanka ba. Mai walda ya lanƙwasa rodi mai kauri yayi zoben, ya ɗora shi kan ƙafafu biyu, muka ɗaure duka da noti kan wani gungumen ƙirya mai nauyi yadda ba zai motsa ba. Wannan shine na yara.

Na manyan gungume kuma da jak ɗin mota nayi, irin mai mai a ciki ɗin nan mai siffar kwalba, tan 10. Mun tsayar da ƙarafa biyu masu kauri, muka gitta ɗaya a sama muka liƙa masa baki mai tsini yana kallon ƙasa, jak ɗin yana zaune a ƙasa da faranti a kansa, gungume a tsakiya. Kana buga hannun jak ɗin yana tura gungumen sama a hankali yana cusa shi cikin tsinin har ya buɗe. A tsaye muka yi shi da gangan don irin wannan jak ɗin in ka kwantar da shi sau da yawa man baya isa famfon sai kaga kana ta bugawa baya tashi. Kuma tashinsa gajere ne, bai wuce kamu ɗaya ba, dole ka ajiye guntayen katako na ƙari a ƙasa in gungumen gajere ne. Gwajin farko waldar sama ce ta ɓalle kafin itacen ya tsage, da wata ƙara kamar an harba bindiga, Allah ya taimaka ni kaɗai ne a wajen. Na koma nace Oga wannan fa tan 10 ne yake turawa ba ƙofar shago bace, ya sake ta da ƙarin ƙarfe a kusurwoyin, tun daga nan bata ƙara motsi ba. Don Allah duk wanda zai yi irinsa ya gwada shi shi kaɗai sau da yawa kafin ya bar yaro ya matso.

Itace ma kowanne da halinsa. Darbejiya tana tsagewa ba gardama, kuma ita nafi saye yanzu in an yi sassabe a unguwa, don gaskiya raina baya so in ga motocin marke da ƙirya suna shigowa gari alhali kowa ya san dazukan ƙarewa suke. Marke akwai wuta mai kyau amma jijiyarsa a murɗe take, sai ya yi ta ƙara yana turjewa sannan ya fashe lokaci ɗaya, shi yasa in marke ne ko gungume mai ƙulli yara basa tsayawa kusa sam. Faskararren da ya bushe sosai kuma hayaƙinsa kaɗan ne, wannan ba ƙaramin abu bane a wajena tunda Hukumar Lafiya ta Duniya tace hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutane wajen miliyan 3 duk shekara, yawanci kuma mata da yara ne suke shaƙarsa.

Dokokinmu kaɗan ne amma bana ɗaga ƙafa. Ba'a faskare sai ina nan, kowa da takalmi rufaffe ba silifas ba, kuma a babban injin wanda ya ɗora gungume sai ya ɗauke hannunsa ya ja baya yace "na sake" kafin a taɓa hannun jak. Ni nake ɗora gungume, babban yana buga jak daga gefe. Ta tsakiyar mai shekara 6 ita ke da ƙaramin, da gudumar katako da na sassaƙa mata daidai hannunta. Auta ɗan shekara 4 aikinsa kwasa da jerawa jikin bango, sai dai baya ɗaga itace daga tsohon tari sai na fara juya shi da sanda, don ranar farko ma kunama muka gani a ƙarƙashin ɓawo. Sartse kam an sha shi, har allura da man zafi Mamansu ta ware mana a gwangwani.

Satin da ya wuce ta tsakiyar ta samu wani guntun darbejiya da ya ƙi mata, ta buga ta buga har idonta ya kawo ruwa, na miƙa hannu zan karɓa tace "Baba bari ni zan yi." Yayanta ya tsuguna ya juya mata itacen ya nuna mata inda ya fara tsagewa yace ta saita nan kan kaifin. Bugu biyu ya rabe. Ta kwashi ɓarin biyun a ƙirji ta ruga kicin tana kiran Mama ta zo ta gani, da su aka hura wutar tuwon daren.